Gamal Abdel-Rahim da Matsalar Ɗora Maƙam a kan Okestira

An haifi Gamal Abdel-Rahim a birnin Alƙahira a shekarar 1924, ya kuma rasu a Jamus a 1988. Tarihi ya fara karantawa a jami'a, kafin ya tafi Jamus a farkon shekarun 1950, inda ya koyi tsara kiɗa a Freiburg a hannun Harald Genzmer, almajirin Paul Hindemith. Bayan dawowarsa gida ya koyar a Kwalejin Kiɗa ta Alƙahira, wadda aka buɗe a 1959, kuma shi ya kafa sashen tsara kiɗa a cikinta a 1971.

Muhimmancinsa ya ta'allaƙa ne ga wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu tsara kiɗa na Masar tuwo a ƙwarya. Kiɗan Larabawa an gina shi a kan maƙam, wato tsarin hawa da saukar sauti wanda karin waƙa guda ɗaya ke bi. Wasu maƙamai, kamar Rast da Bayati, suna ɗauke da sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu. Kiɗan Turai kuwa ya dogara ne ga haɗa sautuka da dama su tashi tare. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko karin Masar a shimfiɗa masa haɗin sautin Turai a ƙarƙashi, sai dai sau da yawa karin yakan fito tamkar baƙo a gidansu.

Abdel-Rahim bai bi wannan hanya ba. Maimakon ya aro haɗin sauti daga waje, sai ya ciro shi daga tazarar da ke tsakanin sautukan maƙamin kansa, musamman faffaɗar tazarar nan da aka san maƙamin Hijaz da ita. Yakan saƙa kari biyu ko uku, kowanne yana tafiyarsa, su haɗu su rabu, a kan awon kiɗa mara daidaiton bugu irin na gabas. Horon da ya samu a Jamus a nan ya yi amfani, domin dabarar saƙar ya ɗauka, ya bar launin sautin.

Ana jin wannan salo a kiɗan rawar da ya tsara wa Hasan da Na'ima, labarin soyayya na ƙauyukan Masar, da kuma Osiris. Daga cikin ɗalibansa akwai Rageh Daoud da Mona Ghoneim. Matarsa, Samha El-Kholy, masaniyar kiɗa ce, ta kuma shugabanci kwalejin.