Shekara nawa fentin wajen gida yake yi, kuma me ke kashe shi da wuri?

A kowace shekara, idan Sallah ta ƙarato ko bikin aure ya taso, magidanta da dama a Kano, Kaduna, Sakkwato da Abuja kan kashe maƙudan kuɗi wajen yi wa gidajensu sabon fenti. Sai dai kafin damina biyu ta wuce, wasu gidajen kan koma kamar ba a taɓa su ba: launi ya koɗe, gindin bango ya kumbura yana zubar da gari, baƙin zane ya sauko daga ƙarƙashin indararo. Mai gida ya ɗora laifi a kan mai fenti, mai fenti ya ce kayan da aka saya masa ne ba su da kyau, mai shago kuma ya ce ginin ne ke shan ruwa. Sau da yawa dukkansu ukun suna da kaso na gaskiya.

Lamarin ya wuce batun ado. Fenti shi ne rigar da ke kare filasta, filasta kuma ita ke kare bulo da rodin da ke cikin kankare. Idan rigar ta yage, ruwa ya samu hanya, rodi ya fara tsatsa yana kumbura, sai ya tsaga kankaren da ya lulluɓe shi. Ga ma'aikacin da ya gina gida da albashin shekara ashirin, ko ɗan kasuwar da ke da jerin shaguna na haya, bambanci ne tsakanin kuɗin bokitin fenti da kuɗin sake filasta baki ɗaya.

Tsawon rayuwar fenti

Fentin ruwa mai inganci wanda aka yi shi musamman domin waje, idan aka shafa shi a kan busasshen bango da aka gyara da kyau, yakan yi tsakanin shekara 5 zuwa 10. A yanayi mai tsananin rana da ƙura irin na Arewa, ya fi dacewa mai gida ya sa rai da farkon wannan adadi, ba ƙarshensa ba. Fenti mai araha, ko na cikin ɗaki da aka shafa a waje, yana iya fara koɗewa tun cikin shekarar farko ko ta biyu.

Dalilin yana cikin bokitin. Fentin ruwa, wanda 'yan kasuwa ke kira emolshan, haɗin abubuwa huɗu ne: ruwa, launi, garin da ke ba shi kauri, da kuma danƙon da ke riƙe su a jikin bango bayan ruwan ya bushe. Wannan danƙo, musamman nau'in akirilik, da farin sinadarin titaniyom da ke sa fenti ya rufe bango, su ne masu tsada. Garin kaurin kuwa dangin alli ne, ba shi da tsada. Don haka hanya mafi sauƙi ta karya farashi ita ce a rage danƙo a ƙara gari. Fentin zai yi kauri a ido, ya yi kyau a ranar da aka shafa shi, amma babu abin da zai riƙe shi idan rana da ruwa suka fara aikinsu. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado ke tabbata.

Akwai kuma fenti mai garaje da ake kira teskot. Kaurinsa yana ɓoye ƙananan tsagu da rashin laushin filasta, kuma mai kyau daga cikinsa yana daɗewa. Illarsa ita ce yana cin lita da yawa, ramukansa kuma suna tara ƙura, ta yadda farin gida kan koma ja bayan hunturu ɗaya a bakin titin da ba shi da kwalta. Fentin mai kuwa wurinsa ƙofofin ƙarfe, tagogi da katako. Idan aka shafa shi a kan ɗanyen siminti, kaifin simintin yana narkar da shi, sannan yana toshe numfashin bango ya kulle danshi a ciki.

Rana, ƙura da ruwa

A watannin Maris da Afrilu, zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri da Kano, bangon da rana ke duka kai tsaye kuma ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi nesa ba kusa ba. Hasken rana yana karya danƙon fenti sannu a hankali, har launin ya saki ya zama gari. Wanda ya shafa tafin hannunsa a bango ya ga ya yi fari kamar ya taɓa alli, ya ga alamar farko ta tsufan fenti. Bangon yamma, mai shan ranar la'asar, shi ya fi saurin nuna wannan.

Launi ma yana da tasiri. Launuka masu duhu sun fi zuƙar zafi, don haka bangon yana buɗewa da rana ya tsuke da dare fiye da farin bango. Ja, rawaya da shuɗi masu ƙyalli sukan riga sauran koɗewa. Ruwan madara, ruwan ƙasa da jan ƙasa, waɗanda ake samo launinsu daga ma'adinan ƙarfe, sun fi jure rana.

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shimfiɗa ta a kan kowane bango. Ƙurar ita kaɗai ba ta kashe fenti, amma idan ruwan farko ya sauka sai ta jiƙe ta sauko a matsayin zane, a wuraren da ke da laima kuma ta zama abincin gansakuka da fumfuna. Shi ya sa gidajen Abuja, Jos da kudancin Kaduna, inda damina ta fi tsawo, suka fi fama da kore da baƙin tabo.

Hadarin damina a ƙasar Hausa yawanci daga gabas yake tasowa, kuma ruwan da iska ke korawa bangon gabas yake duka. Maginan gargajiya sun daɗe da sanin haka. Sukan ƙarfafa yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, manyan gine-gine kuma a yi musu laso, haɗin katsin marina, gashin jima da dafara. Sannan duk shekara bayan damina sai an bi bango an gyara inda ruwa ya ci. Zuwan siminti ya sa mutane da yawa sun ɗauka cewa wannan al'ada ta duba bango ba ta da sauran amfani, alhali kayan ne kawai suka sauya.

Ruwan da ke fitowa daga cikin bango

Mafi yawan fentin da ke ɓamɓarewa, ba daga sama ruwa ya same shi ba, daga bayansa ya turo shi. Idan ba a sa ledar hana danshi a kan harsashin gini ba, ko aka cika ƙasar tsakar gida har ta haura inda ledar take, bulo kan tsotsi ruwa daga ƙasa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ruwan yana ɗauke da gishiri. Idan ya iso fuskar bango ya bushe, gishirin yakan daskare a ƙarƙashin fenti ya ture shi. Wannan ne farin garin da ake gani a gindin bango, wanda ba kasafai yake wuce tsayin mita ɗaya daga ƙasa ba. Yashi mai datti da ruwan zartsi da aka kwaɓa siminti da su suna ƙara tsananta matsalar.

Sauran hanyoyin ruwa sun haɗa da bututun banɗaki mai yoyo a cikin bango, ɗigar na'urar sanyaya ɗaki, furannin da ake ba ruwa a jikin gini, da tankin sama mai ambaliya. Yayin ginin da ake ɓoye kwano a bayan rawani ya ƙara wata: bango ba shi da bakin rufin da zai yi masa laima, kuma idan ba a yi wa saman rawanin hular kankare ba, ruwa yana shiga ta can ya bi cikin bulo.

Duk fentin da aka shafa a kan irin wannan bango asarar kuɗi ce, komai tsadarsa, har sai an toshe hanyar ruwan. Akwai gwaji mai sauƙi: a manna yankin leda a bango da salatif ta kowane gefe, a bar shi kwana ɗaya. Idan aka ɗaga aka tarar da gumi a cikin ledar ko bangon ya yi duhu, lokacin fenti bai yi ba.

Aikin da ake yi kafin a buɗe bokiti

Sabuwar filasta tana buƙatar kimanin kwana 28 kafin fenti ya hau kanta, domin ta bushe kaifinta kuma ya ragu. Gaggawar tarewa kan sa a yi fenti bayan mako guda, daga nan kuma matsala ke farawa. Tsohon bango kuwa sai an kankare duk fentin da ya saki, an goge da samfefa, an wanke ƙura, an cike tsagu. Inda akwai gansakuka ko fumfuna, a wanke da bilic da aka sirka, awo ɗaya a cikin awo uku na ruwa, a ɗauraye a bari ya bushe. Bayan haka sai shafen share fage, wato furaima mai jure kaifin siminti, sannan fentin kansa sau biyu, da tazarar sa'o'in da kamfani ya rubuta a jikin bokiti.

Wurin da aka fi cutar mai gida shi ne sirki. Fentin ruwa yana karɓar ɗan ruwa kaɗan gwargwadon abin da aka rubuta, amma idan aka mayar da bokiti ɗaya ya zama ɗaya da rabi, an raba danƙon ne a kan faɗin da ya fi ƙarfinsa. Lissafi yana tona wannan asiri. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana rufe kimanin murabba'in mita 10 a kan bango mai laushi a shafa ɗaya. Gidan da faɗin bangonsa na waje ya kai murabba'in mita 200 yana buƙatar kimanin lita 40 domin shafa biyu, wato bokiti biyu masu lita 20. Wanda ya yi alƙawarin gama wannan aiki da bokiti ɗaya, da ruwa zai cike giɓin.

Lokaci mafi dacewa a yawancin Arewa shi ne bayan ɗaukewar damina, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da bango ya bushe kuma hazo bai yi kauri ba. A guji tsakiyar Agusta, a guji ranar da iska ke tashin ƙura, a kuma guji shafa fenti a bangon da rana ke duka, domin samansa zai bushe kafin ya kama. Ƙwararren mai fenti inuwa yake bi: bangon yamma da safe, na gabas da yamma.

Hattara da dalma

Wasu nau'o'in fentin mai, musamman masu launin rawaya, ja da ruwan lemo, an daɗe ana haɗa su da dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suna kira ga ƙasashe da su taƙaita dalmar fenti zuwa kashi 90 cikin miliyan. Gubar dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma ba a manta da abin da ya faru a Zamfara a shekarar 2010 ba, inda ɗaruruwan yara suka rasu sakamakon dalmar da ke cikin duwatsun zinariya. Idan za a kankare tsohon fentin ƙofa ko taga, a jiƙa shi tukuna domin kada ya yi ƙura, a nisantar da yara da masu juna biyu, a share wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Wajen sayen sabo kuma, a duba tambarin MANCAP na Hukumar Tabbatar da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, da lambar rukuni da ranar da aka yi shi, a kuma tabbatar ba a taɓa buɗe murfin ba.

Kulawar shekara-shekara

Abubuwan da ke tsawaita rayuwar fenti ba su da tsada. A ƙarshen hunturu, kafin ruwan farko, a wanke bango daga sama zuwa ƙasa da ruwa, ɗan sabulu da buroshi mai laushi. A watan Afrilu ko Mayu a share indararo da magudanan rufi, a ƙara wa gajeren indararo tsawo domin ya jefa ruwa nesa da bango. A yi wa gindin gini daɓen siminti mai gangara zuwa waje, a janye furanni daga jikinsa, a sa wa na'urar sanyaya ɗaki tiyo. Bayan damina a zagaya gidan a duba tsagu, musamman a kusurwar tagogi da saman rawani, a cike su tun suna ƙanana, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yana da kyau a ajiye ragowar fenti a rufe a inuwa, a kuma rubuta suna da lambar launin domin gyaran gaba.

Masu gidajen haya da 'yan haya za su rage wa kansu rigima idan suka rubuta a takardar yarjejeniya wanda ke da alhakin fentin waje da wanda zai gyara yoyo, tun kafin bango ya lalace.

Ba sai fenti ya fara zuba ake sabunta shi ba. Idan launi ya koɗe, gari yana bin hannu, ƙananan tsagu sun bayyana amma fentin yana nan riƙe da bango, wanki da sabuwar shafa sun wadatar. Idan aka jira har ya ɓamɓare, sai an biya kuɗin kankara, gyaran filasta da furaima kafin a zo kan fentin. Haka kuma wanda ya sayi fentin da ke mutuwa duk shekara biyu zai biya ladan ma'aikata da hayar tsani sau uku, a tsawon lokacin da maƙwabcinsa mai fentin shekara shida ya biya sau ɗaya.