Gizo-gizon da ke sauya riga: yadda launin tarantula ke juyawa da shekaru

Wanda ya sayi ɗan tarantula mai launin shuɗi yana zaton haka za ta dawwama, ya shirya wa mamaki. Wannan babban gizo-gizo mai gashi, wanda ake kiwo a akwatin gilashi a Turai da Amurka, yakan sauya kama sau da dama kafin ya balaga.

Misali mafi shahara shi ne Caribena versicolor, 'yar asalin tsibirin Matinik da ke yankin Karibiyan. Tana ƙarama shuɗiya ce shar, da baƙin zane a cikinta. Da ta girma, sai gadon bayanta ya koma kore mai ƙyalli, cikin ya rine ja, ƙafafu kuma su lulluɓe da gashi mai ruwan shunayya. Ita kuwa Chromatopelma cyaneopubescens ta arewacin Benezuwela, akasin haka take: tana farawa da ƙafafu masu ruwan hoda, shuɗin sai daga baya yake zuwa.

Sirrin yana cikin saɓa. Tarantula ba ta da ƙashi a ciki. Ɓawon jikinta ne ke riƙe da ita, kuma ba ya miƙewa. Don haka dole ta tuɓe shi kafin ta ƙara girma, kamar yadda maciji ke yi. Sabon gashi yana tahowa da sabon ɓawo, shi ya sa launin ba ya juyawa sannu a hankali, sai dai mataki-mataki. Ƙanana kan yi saɓa duk bayan 'yan makonni ko watanni, manyan mata kuwa kusan sau ɗaya a shekara. Shuɗin kansa ba rini ba ne: tsarin ƙananan sassan gashin ne ke mayar da haske a haka. Wani bincike da mujallar Science Advances ta buga a 2015 ya nuna cewa wannan launi ya ɓulla daban-daban aƙalla sau takwas a zuriyar tarantula.

A nan ne mai kiwo ke iya yin asara. Idan saɓa ta gabato, launin kan dusashe, dabbar ta ƙi abinci, fatar cikinta ta yi duhu. Ranar saɓar sai ta kwanta rigingine, ƙafafu sama. Wanda bai sani ba zai ɗauka ta mutu, ya juya ta ko ya jefar, alhali taɓa ta a wannan hali na iya naƙasa ta ko ya halaka ta. Gyare mai rai da aka bari a akwatin ma yana iya cizon ta, domin jikinta laushi ne. Fiƙoƙinta kan fito farare, kuma ba a ba ta abinci sai sun yi baƙi, abin da kan ɗauki mako guda ko fiye ga babba.

Kwanakin farko bayan saɓa ne launin ya fi haske. Ga namiji kuwa, rigar balaga ita ce galibi ta ƙarshe, ba ya daɗewa bayanta. Mace takan ci gaba da sabunta tata shekara da shekaru. Ta Meksiko mai jan gwiwa tana iya haura shekara 20.