Shiri Na Musamman: Zaren Ƙarfe Daga Harshen Wuta



Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin shagon mai walda yana haɗa bututun da aka shafe da tutiya, ya ga farin hayaƙi na tashi, sannan wata farar ƙura ta kwanta gefen ɗinkin. Tutiyar ce ta ƙone ta haɗu da iskar oksijin. Hasken nan mai kashe ido kuwa, shi masana ke kira filasma, wato iskar da ta sha wuta har ta koma tana ɗaukar lantarki. Walƙiya ma danginta ce. 

To, abin da ke faruwa a shagon nan bisa tsautsayi, shi aka yi da gangan a Jami'ar Luwibil ta jihar Kentaki a Amurka. A 2008 Farfesa Mahendra Sunkara da abokan aikinsa suka bayyana wata na'ura mai hura harshen filasma da irin igiyar da ke ɗumama abinci a tandun maikirowef. Ana zuba garin tutiya ko na kuza daga sama. Tutiya tana narkewa da zafi ya kai digiri 420, don haka ƙwayar garin na shiga wutar sai ta zama ɗigon ruwa. Oksijin ya far mata, tsatsar da ta samu ta ƙi kwanciya a jikin ɗigon, sai ta yi ta tsirowa waje tsinke-tsinke kamar ƙayar bushiya. Kafin ƙiftawar ido an tare waɗannan siraran zaruruwa a ƙasa, gari fari fat. Sai an jera kusan dubu kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya.

Zaren kansa ba sabo ba ne. Tun 1964 wasu masana biyu, Wagner da Ellis, suka tsirar da na silikon a ƙarƙashin ɗigon zinariya. Sai dai hanyoyin da suka biyo baya akasari suna bukatar bututu rufaffe, da famfon zuƙe iska, da jira na sa'o'i, a ƙarshe a kankaro abin da bai cika cokalin shayi ba. A ganina nan gizo ke saƙar: masu bukatar zaren, kamar mai masana'antar batir, ko matatar da ke son tsame farar wuta daga man dizal, da buhu suke ciniki. Ita wannan na'ura a iskar da muke shaƙa take aiki, babu zinariya, kuma muddin ana zuba gari tana fitarwa.

Amma fa tana da tsirfa. Idan ƙwayar garin ta yi ƙanƙanta ko wutar ta yi yawa, tutiyar tururi take zama, domin tana tafasa a digiri 907, sai a duba ƙasan na'urar a tarar da ƙura dunƙule-dunƙule a cakuɗe da zaren.