Kek ɗin gwangwani mai tuffa: abin karyawa ga gidan da safiya ke yi wa kaɗan

A unguwannin da ke kewaye da Kasuwar Shanu a Maiduguri, daga Gamboru har zuwa Kwastam, gari da wuri yake wayewa. Maigida dillali ne, ko mahauci, ko mai lodin dabbobi a tirelolin da ke tafiya Kudu, yana idar da sallar Asuba sai kasuwa. Yara na neman takalmi da jakar makaranta, uwargida ita ma wataƙila tana da nata wurin aikin ko sana'ar. Ƙosai da waina sun fi komai daɗi da safe, amma suna son jiƙo da surfe da kai markaɗe inji da tsayuwa a gaban kasko. Ranar da lokaci ya ƙure, sai a miƙa wa yaro kuɗin biskit ya fita. Akwai wani ɗan kek da ake gasawa da daddare a ci da safe, wanda haɗa shi bai kai minti 15 ba, kuma ba ya buƙatar oba ko wutar lantarki. Turawa na ce masa mafin, kuma irin wanda ake sa wa dafaffen tuffa shi ne ya fi sauƙi.

Abin da ke hana mata da yawa yin kek a gida shi ne bugun bota da sukari. A zauna da muciya ana juyawa har kafaɗa ta yi tsami kafin haɗin ya yi fari. Wannan kek ɗin ba ya son bugu ko kaɗan. Man gyaɗa ake sa masa, kuma rabin aikin da bota ke yi, tuffar ce ke ɗauka. A cikin naman tuffa akwai wani sinadari da ake kira fektin, mai riƙe ruwa, shi ne yake sa kek ya kwana da laushinsa. Tana kuma da ɗan tsami, wanda idan ya haɗu da bekin soda yake fitar da iskar da ke kumbura ƙullin. Matan Amurka sun rungumi wannan dabara sosai lokacin yaƙe-yaƙen duniya guda biyu, sa'ad da bota da sukari da ƙwai suka yi wuya. Ke nan asalinsa abincin tsimi ne, kuma ta nan ya dace da mu.

Sai dai tuffa a Maiduguri ba abin tsimi ba ce. Mafi yawan wadda ake gani a kan tire da baro daga Afirka ta Kudu take zuwa, ta sauka a Legas, ta ratso ƙasar nan gaba ɗaya kafin ta iso Borno, kuma kuɗin wannan tafiya yana kan mai saye. Shawarata, kada a sayi mai sheƙi don a dafa. A nemi wadda ta ɗan bugu ko fatarta ta fara yamutsewa, wadda mai kaya yake son rabuwa da ita da yamma, a yanke wurin da ya lalace. Idan ita ma ta gagara, abin da ƙullin yake nema shi ne naman 'ya'yan itace mai laushi da danshi, ba lallai tuffa ba. Ayabar da ta nuna har bayanta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi tana yin aikin tsaf, ba ma sai an dafa ta ba, a murƙushe ta da cokali kawai. Lokacin mangwaro, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da ake jibge shi a kasuwar Gamboru, a matse a tace da rariya saboda zare. Kabewa da dankalin Hausa ma suna yi idan an turara su an dama. Kankana da lemo ne ba sa yi, ruwansu ya yi yawa.

Dafa tuffar ba wuya. Ki fere guda 3 matsakaita, ki cire ƙwallon tsakiya, ki yayyanka ƙanana, ki zuba a tukunya da ruwa cokali 4 na cin abinci. Ki rufe ki bar ta a kan wuta kaɗan kamar minti 15. Idan ta yi luguf, ki dama ta da bayan ludayi ki bari ta huce. Kada a zuba ta da zafi a kan ƙwai, za ta dafa shi tun kafin a je ko'ina.

Ma'aunin da kowane gida yake da shi shi ne ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, don haka da shi za mu auna. A roba ɗaya ki tankaɗe fulawa gwangwani 3, ki zuba sukari gwangwani 1 da bai cika ba, bekin hoda ƙaramin cokali 2, bekin soda rabin ƙaramin cokali, gishiri ɗan kaɗan, da garin kirfa ƙaramin cokali 1. Mai son ƙamshin citta ko kanumfari ta ƙara ɗan mitsitsi. A wata robar ki fasa ƙwai 2, ki zuba man gyaɗa rabin gwangwani da dafaffiyar tuffa gwangwani 1 da rabi, ki kaɗa su haɗe. Idan ayaba ko kabewa kika sa, ki ƙara nono ko kindirmo cokali 3, domin tsaminsu bai kai na tuffa ba wajen tayar da sodar. Da ayaba kuma ki rage sukari, don ta fi tuffa zaƙi. Wannan haɗin yana ba da kek 12.

Yanzu ga wurin da yawanci ake ɓata shi. Ki juye mai ruwan a kan busasshen, ki juya da cokali sau 10 zuwa 15, ki tsaya. Za ki ga gudaji-gudaji, har da ɗan farin gari nan da can, zuciyarki za ta ce ki ƙara juyawa ya yi sumul kamar ƙullin fanke. Kada ki biye mata. Fulawa tana da wani danƙo da ke tashi idan ta sha ruwa aka yi ta juya ta. Wannan danƙon shi mai burodi yake nema, shi ya sa yake murza ƙullinsa, amma a kek tauri yake kawowa, ki fasa ki ga dogayen ramuka a ciki, ki tauna ki ji yana ja. Gudajin da kika bari wuta ce za ta narkar da su. Sannan ƙullin ba ya jira: da zarar soda ta taɓa ruwa ta fara aiki, idan aka ajiye shi rabin awa iskar ta tsere. Saboda haka wutar gashi ta riga ƙulli shiryawa.

Mutanen Maiduguri ba sa buƙatar a gaya musu kada su dogara da obar lantarki. Tun da aka kayar da turakun layin wutar da ke zuwa daga Damaturu a Janairun 2021, garin ya daɗe cikin duhu, kuma ko bayan buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maris ɗin 2023, gawayi bai bar madafa ba. Tukunya da yashi sun isa. Ki sami babbar tukunya mai kauri da murfi mai kama baki, ki zuba wankakken yashi busasshe kaurin yatsa biyu, ki rufe ki ɗora a kan kurfoti minti 10 zuwa 15. Idan kika buɗe kika miƙa hannu ciki kika ji ba za ki iya daɗewa ba, ta yi. Ki shafa mai a gwangwanayen alale, ki zuba ƙulli ya wuce rabi kaɗan amma kada ya cika, ki jera su a kan yashin ba tare da sun taɓa jikin tukunya ba. Ki rufe, ki ɗebi garwashi kaɗan ki baza a kan murfin, domin saman ya yi ja. Wutar ƙasa ta zama matsakaiciya. Idan ta yi yawa gindin zai ƙone alhali cikin ɗanye ne.

Minti 15 na farko kada a buɗe, ko da ƙamshi ya cika tsakar gida yara sun fara zagaye. Bayan minti 20 ki soka tsinken sakace a tsakiyar ɗaya. Ya fito a bushe, an gama. Ya fito da ƙulli, ki ƙara minti 5. Mai obar gas ta sa ta a digiri 180, minti 18 zuwa 22.

Wasu za su ce ga kanwa a gida, me ya sa sai an sayi soda? Gaskiya ne danginsu ɗaya, amma ƙarfin kanwa ba ya da ma'auni, wani dunƙulen ya fi wani, kuma idan ta ɗan zarce sai kek ya yi duhu ya yi ɗanɗanon sabulu. A bar ta wa miya da wake. Abin da ya fi kyau a ƙara daga kayan gida shi ne garin alkama: a cire gwangwani 1 na fulawa a maye shi da shi. Kek ɗin zai ɗan yi nauyi, amma ya fi riƙe ciki har tashi daga makaranta. Alkama kuwa ba baƙuwa ba ce a Borno, a nan Maiduguri Cibiyar Binciken Tafkin Chadi take, wadda aka ɗora wa aikin inganta irinta a Najeriya. Yankakken dabino ko soyayyar gyaɗa da aka ɓarza ma suna shiga. Amma kada sunan tuffa ya ruɗi kowa: fulawa ce da sukari, mai ciwon sukari ya ci da lissafi.

Danshin da ke ba shi laushi shi ne kuma ke saurin lalata shi. A bar shi ya huce sarai kafin a rufe, in ba haka ba gumi zai taru ya jiƙa saman. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Maiduguri ke haura digiri 40, kada ya wuce kwana 2 a waje; idan ya fara yauƙi ko warin tsami, a zubar. Da hunturu yana kai kwana 3, sai dai a sa shi a roba mai murfi don kada iska ta busar da shi. Gidan da ke son yi sau biyu a mako, a auna busassun kayan tun ranar hutu, a ƙulla kowane kashi a ledarsa. Daren da za a gasa, bayan sallar Isha'i, abin da ya rage shi ne fasa ƙwai da murƙushe ayaba, sannan a gasa a kan ragowar garwashin da aka dafa tuwon dare da shi.