Kafin ka tafi biɗa, ka biɗi takarda



Kaka ta wuce. An ɗaure gero, an kai rumbu. Yanzu ne samari da magidanta ke shirin tafiya. Wasu za su bi hanyar Ɗan Isa su shiga Jibiya, Katsina da Kano. Wasu za su wuce har Ikko ko Abijan. Wasu arewa suka nufa, Agadas, daga can Libiya ko Aljeriya. Akwai kuma masu son zuwa Makka da Jidda.

Tafiya biɗa ba laifi ba ce. Kakanninmu ma sun yi cin rani. Amma abu ɗaya muke so kowa ya gane a yau: izinin shiga ƙasa daban, izinin yin aiki cikinta daban. Rashin sanin wannan ya sa mutane da yawa sun yi asarar gona, wasu sun yi asarar rai.

Takardu iri uku ne

Ta farko ita ce wadda ke nuna ko kai wane ne. Katin ɗan ƙasa ke nan, da fasfo. Ƙasarka ce ke ba ka su.

Ta biyu ita ce biza. Biza izinin shiga ce. Ƙasar da za ka je ita ke ba da ita, ta hannun ofishin jakadanta. Biza iri-iri ce. Akwai ta ziyara, akwai ta Hajji da Umra, akwai ta karatu, akwai ta aiki. Kowace da kwanakinta, kowace da abin da ta halatta.

Ta uku ita ce takardar zama da aiki. Wannan sai ka isa can ake yi maka ita.

Ga misali. Baƙo ya yi sallama a ƙofar gidanka. Ka ce ya sauka a zaure, ya kwana uku. To, ka ba shi biza ke nan. Amma ba ka ba shi gona ba. In ya ɗauki hauya ya shiga gonarka ba da saninka ba, ai sai rigima. Haka ƙasashe suke kallon baƙon da ya shigo ziyara ya kama aiki.

Najeriya da ƙasashen yamma

A shekarar 1975 aka kafa ƙungiyar CEDEAO a Ikko. A 1979 kuma, a birnin Dakar, ƙasashen ƙungiyar suka sa hannu bisa wata yarjejeniya. Ɗan kowace ƙasa cikinsu yana iya shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya da katin rigakafi. Wanda zai wuce kwana 90 sai ya biɗi katin zama.

Mutane da yawa ba su kula da wannan sharaɗi ba. Suna cewa ai Katsina da Maraɗi duk ɗaya ne. Gaskiya ne, harshe ɗaya, dangi ɗaya. Amma doka ba ɗaya ba ce. Dattawanmu sun tuna watan Janairu na 1983. Gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Najeriya. Mutum fiye da miliyan 1 suka fita, cikinsu har da ƴan Nijar masu yawa. A 1985 an sake wata korar. Kafin nan, a watan Nuwamba na 1969, gwamnatin Busiya ta yi irin haka a Gana. Wasu sun shekara ashirin a can, suka dawo da tabarma da buta kawai.

Abubuwa kuma sun sake. A watan Janairu na 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso suka fita daga CEDEAO, suka fito da fasfo na ƙawancensu, AES. A lokacin, CEDEAO ta ce a ci gaba da barin ƴan ƙasashen uku su shiga ba biza, har ranar da za a yanke wata shawara. Wato abin yana iya canzawa. Kun kuma ga yadda aka rufe iyaka daga 2019 zuwa 2020, aka sake rufe ta daga 2023 zuwa 2024. Don haka kada ka dogara ga labarin wanda ya tafi bara. Ka tambayi hukuma bana.

Libiya da Aljeriya

Waɗannan ƙasashe ba su cikin yarjejeniyar Dakar. Shigarsu sai da fasfo da biza. Wanda ba shi da su, ɓarauniyar hanya zai bi, cikin hamada. A watan Oktoba na 2013 motocin wasu matafiya suka mutu tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya. Mutum 92 ƙishirwa ta kashe. Mafi yawansu mata ne da yara, daga yankin Kance, cikin jihar Damagaram.

Wanda ya tsira daga hamada ma bai gama ba. Tun ƙarshen 2014 Aljeriya ke kwaso ƴan Nijar marasa takarda tana maido su ta Asamaka. Sau da yawa mutum a wurin aiki ake kama shi. Kayansa da kuɗin da yake bi duk a can yake barin su. A Libiya kuwa, yaƙin 2011 ya koro dubban ƴan ƙasarmu gida hannu wofi.

Ku lura da wannan. Ma'aikaci marar takarda ba shi da bakin magana. In mai aiki ya hana shi kuɗin wata uku, ina zai kai ƙara? In ya je wurin ƴan sanda, shi za a fara kamawa. Mai aikin ya san haka, shi ya sa yake son marar takarda.

Saudiyya

Bizar Umra ta ibada ce. Bizar Hajji ta ibada ce. Babu wadda ta halatta aiki. Wanda ya gama ibada ya ɓuya ya kama aiki ya karya doka. In an kama shi, akwai tara, akwai tsarewa, sannan a maido shi gida, a hana shi komawa shekaru.

Bizar aiki ga yadda take. Mai ɗaukar aiki, wanda ake kira kafili, shi ke biɗo izini daga gwamnatinsu. A rubuta yarjejeniyar aiki. Likita ya auna lafiyarka. Sannan a buga maka biza cikin fasfo. In ka isa, kafilin ya yi maka katin zama, wanda suke kira iƙama. Zamanka a ƙasar yana ɗaure da wannan mutum. Barin aikinsa ba da bin ƙa'ida ba yana maida kai marar takarda. Wannan ya fi tsanani ga masu aikin gida, mata musamman. Saboda haka a san kafili, a san irin aikin, tun ana gida.

Hattara da ƴan damfara

Akwai masu yawo ƙauye-ƙauye da alkawarin aiki a waje. Ga alamunsu. Suna son kuɗi duka a gaba, ba su ba da rasit. Ba su da ofishi. Suna cewa ka tafi da bizar Umra ko ta ziyara, in ka isa a gyara. Ba su nuna yarjejeniyar aiki. Suna gaggawa, suna cewa kada ka faɗa wa kowa. Duk wanda ya hana ka shawara da iyayenka da mai gari, ba alheri yake nufinka da shi ba.

Abin da ya kamata ka yi

1. Ka fara da takardar haihuwa. Ita ce uwar takardu. Ka je ma'aikatar magajin gari. In ba a rubuta haihuwarka ba, za a nuna maka yadda za ka same ta a kotu, da shaidu.

2. Da ita za ka yi katin ɗan ƙasa wurin ƴan sanda, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa a kotu. Sannan fasfo.

3. Ka yi allurar rigakafin shawara, ka ajiye katin.

4. Kada ka dangwala hannu bisa takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba. A karanta maka: wane aiki, albashi nawa, wata nawa, wa zai biya kuɗin dawowa. Ma'aikatar ƙwadago a Maraɗi tana iya duba maka ita.

5. Ka bar kwafin takardunka a gida. Fasfonka kuwa naka ne, kada ka sakar wa kowa.

6. In ka isa, ka rubuta sunanka a ofishin jakadan Nijar. Akwai ƙaramin jakada a Kano, akwai a Jidda. Ranar wahala su za su san da kai.

7. Kada ka sayar da gona don biyan kuɗin tafiya. Akuya in ta tafi ana samun wata. Gona in ta tafi, da wuya ta dawo.

Takarda tana cin kuɗi, tana cin lokaci. Amma ka gwada kuɗinta da na wata uku na aiki da aka hana ka, ka gani wanne ya fi tsada. Kuma ga amfanin karatu: wanda ya iya karatu yana duba bizarsa da kansa, ya ga ranar da za ta ƙare.

Kai da ka karanta wannan, ka karanta wa wanda bai iya ba, tun bai shiga mota ba. Allah ya kai kowa lafiya, ya maido shi kafin shuka.