Riga Iri Ɗaya, Takalma Dabam Dabam

Duk sa'ad da dogon hutu ya ƙare, teloli ba su samun barci. Iyaye suna ta kai yadi, yara kuma suna ta sintiri ko an gama ɗinki. Amma kaɗan ne cikinmu su kan tambayi dalilin da ya sa aka ce 'yan makaranta su sa tufa iri ɗaya.

Al'adar nan ta daɗe. A shekarar 1552 aka kafa wata makaranta a birnin Landan, mai suna Christ's Hospital, domin marayu da 'ya'yan matalauta. Aka ɗinka musu dogayen riguna shuɗɗa, har wa yau kuwa irinsu ɗalibanta su ke sawa. Turawan mulki da 'yan mishan ne suka kawo mana al'adar, ta kuwa ƙara bazuwa cikin ƙauyuka sa'ad da aka soma ba da ilimin firamare kyauta a Nijeriya a 1976. Amfaninta shi ne, in yara sun zauna a benci ɗaya, ba a gane ɗan attajiri da ɗan mai faskare.

Rashin kayan makaranta kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga yaro. A ƙasar Kenya an kawar da kuɗin makarantar firamare a 2003, duk da haka sayen kayan ya ci gaba da yi wa talakawa nauyi. Masana suka yi bincike a makarantu 328 na yammacin ƙasar, inda aka ba yaran waɗansu makarantun kaya kyauta. Aka tarar masu barin karatu sun ragu, 'yan mata masu yin ciki tun suna ƙanana su ma sun ragu. Watau riga ɗaya tana iya riƙe yaro a aji.

To, amma riga ba ta rufe kome da kome. Idon yara ya fi na manya kaifi. Da sun ga riguna sun zama ɗaya, sai su koma duban takalmi, da jaka, da agogo, da wayar hannu. A makarantun kwana akwati a ke dubawa: wanda ya zo da madara da sukari shi ne mai abokai, wanda ya zo da garin kwaki da ƙuliƙuli sai ya ɓuya kafin ya ci. Waɗansu ma su kan koma wurin tela a ɓoye, yaro ya sa a matse masa wando, yarinya ta sa a rage mata tsawon siket, don kada a kira su 'yan ƙauye.

Daga nan ne wahala ta kan soma. Yaro ya dawo gida ya ce, "Baba, duk 'yan ajinmu suna da shi, ni kaɗai na rage." In bai samu ba, wani ya kan ƙirƙiro kuɗin littafin da malam bai ce a kawo ba, wani ya sa hannu a jakar mahaifiyarsa. Yarinya kuma tana iya karɓar kyauta daga hannun namijin da ba don alheri ya ba ta ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa.

Ya ku iyaye, in yaro ya zo da irin maganar nan, kada ku kore shi da tsawa, gama kunyar da ya ke ji ta gaske ce. Ku zaunar da shi, ku gaya masa abin da gidan zai iya da wanda ba zai iya ba. In da hali, ku ɗinka masa kaya biyu, yana sa ɗaya ana wanke ɗaya, gama tsabta ta fi tsada daraja. Ku san abokansa, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In kun ga sabon abu a hannunsa, ku tambayi inda ya fito. Ku da Allah ya buɗa muku kuma, ku sassauta. Agogo mai tsada a hannun ɗanku nawaya ne a zuciyar yara talatin.

Mu malamai kuwa, kada mu tsayar da yaro gaban 'yan'uwansa domin rigarsa ta koɗe, ko mu kore shi gida. Mu kira shi waje ɗaya mu ji dalili. Ƙungiyar iyaye da malamai tana iya tara kayan waɗanda suka gama, a wanke, a ba masu bukata a asirce. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya koyi cewa "a'a" a kan takalmi, zai iya faɗinta ran da aka miƙo masa taba.