Kafin Ka Sayi SSD, Fara Sanin Bakin Laftof Ɗinka

Laftof ɗinka na ɗaukar minti uku kafin ta tashi, ka buɗe Chrome ta tsaya tana nishi, abokai a WhatsApp kowa na cewa “sa mata SSD kawai.” Gaskiyarsu. Tsohon faifan HDD mai juyawa sau 5,400 a minti da ƙyar yake wuce megabait 100 a daƙiƙa, SSD mafi arha kuwa tana kai kusan 550. Sai dai SSD ba iri ɗaya ba ce. Ka sayo wadda ba ta dace da gurbin kwamfutarka ba, kuɗin sun tafi, don ba kowane mai shago ne zai karɓi kayan da aka ɓare ledarsa ba.

Baki uku ne za ka fi cin karo da su. Na farko shi ne SATA mai inci 2.5, ɗan akwati mai faɗin tafin hannu. Idan laftof ɗinka na da HDD yanzu, kusan tabbas nan SSD irin wannan za ta zauna. Kula da kauri kawai: akwai milimita 7, akwai 9.5, kuma mai 7 tana shiga gurbin duka biyun.

Na biyu mSATA, ɗan ƙaramin kati da ya yi tashe wajen 2011 zuwa 2014. Kada ka ce tsohon yayi ne bai shafe ka ba. Laftof ’yan kwatano da matasa ke saya, irin su Dell Latitude E7240 da ThinkPad X230, suna da wannan gurbin. Yana kama da M.2 a ido, amma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya.

Na uku M.2, siririn kati kamar ɗan guntun rula, kuma a nan ake yawan shan ƙasa. M.2 sunan siffa ce kawai. A cikinta akwai mai aiki da SATA, akwai mai aiki da NVMe. Ta NVMe a kan PCIe 3.0 tana kai wajen megabait 3,500 a daƙiƙa, a kan 4.0 kuma wajen 7,000. Duba haƙoran zinaren da ke bakin katin: giɓi biyu yawanci SATA ce, giɓi ɗaya yawanci NVMe ce. Abin lura, kati mai giɓi biyu na iya zama daram a gurbin da NVMe kaɗai yake ganewa, ka kunna kwamfuta ta yi kamar ba a sa komai ba. Shiga daban, aiki daban.

Sai tsawo. Lambar da ke jikin kwalin ita ke faɗa maka: 2280 na nufin faɗi milimita 22, tsawo 80. Akwai 2230, 2242 da 2260. HP EliteBook 840 G1, misali, gurbinta na M.2 na 2242 ne kuma SATA kawai take ji, alhali 840 G3 na ɗaukar 2280 har da NVMe. Suna kusan ɗaya, ciki ya bambanta.

To ta yaya za ka gane taka? Danna maɓallin Windows da R, rubuta msinfo32, za ka ga cikakkiyar lambar samfurin. Da ita za ka nemi littafin gyara a shafin kamfanin. Lenovo na da PSREF, Dell na amfani da lambar Service Tag da ke ƙasan laftof. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna ko abin da ke ciki SATA ne ko NVMe, amma ba za ta nuna maka gurbin da yake fanko ba. Don haka mafi tabbas shi ne a kashe kwamfutar, a cire caja da batir, a kwance murfin ƙasa ka gani da idonka. In ba ka saba da sukundireba ba, kai wa mai gyara, ka ɗauki hoton gurbin da wayarka. Kada ka ruɗe da gurbin katin Wi-Fi, shi ma M.2 ne amma ba na ajiya ba.

Wasu kuma ba su canzuwa sam. Ƙananan laftof masu eMMC, irin HP Stream, da MacBook masu M1, ma’adanarsu a manne take da allon ciki. MacBook Air na 2013 zuwa 2017 kuwa bakinta na Apple ne kaɗai, sai da mahaɗi na musamman.

In ka tashi saye, tafi da laftof ɗin, a sa a gabanka, ka shiga BIOS ka ga ta gane ta kafin ka biya. In an ce sabuwa ce, buɗe CrystalDiskInfo ka duba awannin da ta yi tana aiki. Kuma kafin kowa ya taɓa noti ɗaya, kwafe furojet ɗinka da hotunanka zuwa wani wuri.